Kyamarar da Ba Ta Ƙara

Magariba ta doso, gari ya yi tsit, mai hoto ya fito tsakar gida da sabuwar kyamararsa, 'yar ƙarama mai shiga aljihun riga. Ya gaji da tsohuwar, mai nauyi kamar bulo, wadda da ta yi ƙyas sai kowa ya gyara fuska ya ɓata masa aiki. Wannan kuwa ba ƙara, ba walƙiya, tana gani a duhu-duhu, kuma da kanta take nemo fuskar mutum ta zagaye ta da koren layi.

Ya auna ta wajen tankin ruwa, inda babu kowa. Koren layi ya fito. Sai wani ƙarami a gefensa, sai wani. Ya ja tsaki, ya ce kayan zamani ba sa rabuwa da shirme, ya yi ta dannawa.

Kafin a kunna fitila dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Daga ranar ba su ƙara ganin magariba lafiya ba: jifa, da muryoyi ƙasa-ƙasa a bayan tanki. Sai kuma Auta, 'yarsu, ta daina cin abinci, ta koma ƙuryar ɗaki tana rufe fuska da zani. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Shi kuwa, bawan Allah, yana can ya ƙura wa hotunan ido, don abin da ya fito a ciki ya fi ƙarfinsa: wata mata ce zaune ba mayafi, tana taje wa 'ya'yanta kai cikin wani haske da bai taɓa kama irinsa ba tun da ya fara sana'a.

Matarsa ce ta ɗauko malami. Ya zauna gaban Auta ya daɗe yana karatu, har jikinta ya sandare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Malam, ka yi mana adalci. Shekara da shekaru muna zaune da mutumin nan. In waccan babbar kyamarar ta yi ƙara, mu kauce. Yanzu ya kawo mai sanɗa, ya ɗauki iyalina kai a buɗe!"

"Me kake so ka fita?"

"Ya goge. Duka. Kuma ya sa mata ƙara."

Malam ya juyo. "To, ka ji. Goge."

Mai hoto ya kalli kyamarar. "Malam, ko za a roƙe shi ya bar mini guda ɗaya? Wallahi ba wanda zai gani."

"Kai wane irin mutum ne!" in ji matarsa. Auta ta buga kanta da bango, ji kake tim.

Sannan ya goge, ya laluba ya kunna ƙarar. Yarinya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, kwano ya yi shiru.

Da ta buɗe ido ya matso da kofin ruwa. "Sannu, Autana."

Ba ta karɓa ba. Ta dube shi, goshinta a kumbure.

"Baba, ina jin ka fa, lokacin da kake roƙon a bar maka ɗaya."