Ɗago Kanka Ka Yi Magana

Ranar da ta fara yi masa magana, yana tsaye ne gaban ƙofar tsohuwar masaƙa, ya ɗaga kai yana kallon bututun hayaƙin da ya daina hayaƙi tun yana yaro.

Malamin tarihi ne, aiki ya kawo shi garin, kuma bai san kowa ba. Ɗakinsa katifa ce da tebur da kofi ɗaya. Ranar da babu makaranta shirun ɗakin yakan kore shi, sai ya sa takalmi ya bi tsohon layin dogo, ya ratsa gidajen ma'aikata, yana leƙa tagogin da gilasansu suka zube. Yakan wuce wasu tsofaffi a kan benci, wasu a wannan gefen titi, wasu a wancan, bakunansu na motsi ba sauti. Ya ɗauka tasbihi suke yi.

"Malam, in saya za ka yi, ka makara, tsatsa ta riga ka."

Ya waiwayo. Mai ɗinki ce, shagonta na kallon ƙofar masaƙar, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ido cikin ido take kallonsa, har sai da shi ya kawar da kai.

"Tarihin wurin nake nema," ya ce.

"A jikin bango? Babana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin saƙa. Bari in rufe shago in nuna maka."

Tun daga ranar ta zama Jagora, shi kuma ta sa masa Matafiyi. Ta nuna masa ƙofar da masu aikin safe ke shiga, da kwatar da ruwan rini ke bi, yau ja gobe shuɗi, da dakalin da take zama tana ƙarama tana jiran jiniyar tashi. Mahaifiyarta ta rasu, daga ita sai Baba a gidan. Ya gane ita ma kaɗaici ne ke cinta, kawai dai nata yana da keken ɗinki.

Wata safiya ya tura mata saƙo: "Jagorata, yau na bi layin dogo ni kaɗai, ban ga komai ba sai ƙarfe. Ashe ke nake zuwa gani."

Ta amsa: "Matafiyina, ƙafarka ta san ko'ina a garin nan ban da gidanmu. Goggo tana ta kawo maganar aurena da ɗanta mai mota. Ka zo ka ga Baba."

Ya je. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Baba dogo ne mai kaurin murya. Malam ya gaishe shi, ya faɗi asalinsa da aikinsa da abin da ke tafe da shi, idonsa na kan tabarma.

"Ina sauraronka," in ji Baba.

Malam ya ɗauka bayaninsa ne bai gamsar ba. Ya sake ɗaukowa daga farko, kai ya ƙara yin ƙasa.

Baba ya miƙe. "In ba ka da abin faɗa, ni zan shiga ciki."

Malam bai san yadda ya kai titi ba. Wato duk abin da ya zazzage bai kai a kira shi magana ba. Baƙo ne, ba dangi, ba mota.

Saƙonta ya shigo: "Baba ya ce a bar maganar. Me ka yi masa?"

"Ban yi masa komai ba. Na dai san matsayina."

"Shi ke nan," ta rubuta.

Kowa ya riƙe girman kansa, kuma girman kai ba ya taya mutum hira. Malam ya koma yawonsa shi kaɗai, yana zagaye ta bayan masaƙa don kada ya bi ta shagonta. Sau ɗaya ya hango motar ɗan Goggo a ƙofar shagon, ya juya ya koma ɗakinsa. Yana sonta, yana kewarta, kuma yana ji yana gani za ta kuɓuce masa.

Wata ranar hutu ƙafa ta gaji, ya zauna a gefen bencin tsofaffin nan. Ya sunkuya ya gaida na kusa da shi. Tsohon bai amsa ba, sai ya sa hannu ya tallafo haɓarsa.

"Ɗago kanka, ɗana, ban ga me ka ce ba."

"Ba ka gani ba, ranka ya daɗe?"

"To da me zan ji? Injin saƙa ya cinye mana kunnuwa. A ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai jinka, baki muke kallo. Ka ga wancan na tsallaken titi? Tun ɗazu yake zagin hularka." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Amma kada ka ce mana kurame, sai mu ɓata da kai."

Sai ya faɗo wa Malam cewa Baba ma a ɗakin saƙa ya yi aiki. Ya tuna yadda take kafe shi da ido in suna hira. A gidansu haka ake magana, shi ya sa bai zo mata a rai ta gargaɗe shi ba. Wata nawa yana yawo da sunan neman tarihin garin, ga tarihin nan zaune a kan benci yana wuce shi.

Bai tsaya tura saƙo ba. Ya tarar da Baba a ƙofar gida, ya durƙusa. Ɗaga kan nan ya fi masa duk tafiyar da ya yi a garin wuya, amma ya ɗaga, ya dubi dattijon ido cikin ido, kunya kamar ta kashe shi.

"Baba, 'yarka nake so da aure."

Baba ya daɗe yana kallon bakinsa. "Ashe kana da baki. Rannan ƙeyar hularka kawai na gani. Na ce wanda ya kasa buɗe baki a gabana, ranar da aka taɓa ta ma shiru zai yi." Ya juya ya ƙwala kira. "Ke! Fito, baƙon nan naki ya koyi magana."

Ta fito idanu jajur. "Matafiyi, kai da ƙafa ba ta gajiya, sai a hanyar gidanmu ta gaji?"

"Ba ni da jagora ne," ya ce.

Ranar ɗaurin aure layin ya cika, tsofaffin benci duk sun zo, hayaniya ba mai jin na kusa da shi. Ango ba shi da dangi a garin, yana tsaye cikin mutane yana ta miƙa hannu. Can ya hango surukinsa a ɗaya ƙarshen rumfar, yana kallonsa. Baba bai ɗaga murya ba, leɓɓansa kawai suka motsa, a hankali, yadda sabon shiga zai iya bi.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana."

Malam ya ɗago kansa sosai don a gani da kyau, ya amsa ba sauti: "Amin, Baba."