Littafin Si Mongi

A bajekolin man zaitun na birnin Sfax Dorra ta fara ganin Anis. Yana ta zufa yana tallar shafinsa na intanet, mai zaɓa wa masana'antu dillalin da zai kawo musu kwalba da kwali.

"Bawan Allah," ta ce tana dariya, "Babana da biro yake wannan aikin, kuma ya fi ka iyawa."

Daga tsokana sai so ya shiga, shi kuwa so hana ganin laifi. Dorra ta ɗauki hoton littafin mahaifinta Si Mongi a ɓoye, inda ya shekara talatin yana ba dillalai maki, ta tura wa Anis. Ya gyara shafinsa a kan tsarin, har ya samu takardar mallakar ƙirƙira.

Ana haka wani kamfani ya kai ƙara, wai wannan ba ƙirƙira ba ce, duk tsohon ɗan kasuwa ya san ta. Shaidarsu kuwa Si Mongi da littafinsa, mutumin da tuni ya ce ba zai ba Anis, mai sana'ar iska ta intanet, 'yarsa ba.

Dorra ta ɗauki waya. Ta rubuta wa Anis: "Anis ɗina, tsoro nake ji. In Baba ya gane, mun rabu ke nan. Ka ce ba ka taɓa ganin littafin ba."

Ya amsa: "Zumata, ni ma tsoron nake ji. Ki yi min addu'a."

A kotu alƙali ya ɗaga littafin. "Ka san wannan?"

Anis ya dubi littafin. "Na san shi, ranka ya daɗe. Daga ciki na ɗauko tsarin."

Nan take aka soke takardar mallakar.

A bakin ƙofa Si Mongi ya tare shi. "Wa ya nuna maka littafina?"

"Laifina ne ni kaɗai, Baba."

"Ni ce," in ji Dorra.

Tsohon ya buɗe littafin. "Kun kwafi komai, kun bar layin ƙarshe: in kaya sun lalace, dillalin yana faɗin gaskiya?" Ya rubuta sunan Anis, ya sa masa maki goma cif. "Shekara talatin, ban taɓa ba kowa goma ba. Ka turo manyanka."

Bayan girbin zaitun aka karanta Fatihar aurensu. Allah ya bar su tare.