Rabin Kwalbar Khairiyya

"Maganin wata uku na ba ki, Khairiyya, ya ƙare a wata biyu. Ina sauran?"

Khairiyya ta sunkuyar da kai. Sista Bilkis, malamar asibitin da ke duba masu cutar ƙanjamau a Gumel, ta tsare ta da ido.

"Ni take ba wa, Sista," in ji Dalhatu, saurayinta. "In na ɗauki shanu daga Maigatari zuwa kudu, nawa kan ƙare a hanya. Ai ciwon ɗaya ne..."

"Wa ya ce maka ɗaya ne? Gero da maiwa ma ba ɗaya ba ne!" Ta tura musu takardar awo. "Cutar nan iri-iri ce, ko a ƙasar nan. Tata ta kwanta luf. Taka ta gagari maganin. In ta shiga jikinta, nata maganin ma ya tashi aiki. Zan canja maka wani, sai bayan wata shida mu sake awo. Kafin nan, a dakata da aure."

"Sista... Juma'ar sama ne ɗaurin auren!" in ji Khairiyya.

"Na sani, ƙanwata."

Suka koma garinsu Ɗanzomo a kan babur. Da cutar aka haifi Khairiyya. Manema uku sun zo, kowanne awon jini ya kore shi. Sai Dalhatu, da suka haɗu a layin karɓar magani, ya ce mata gobe ma rana ce.

A ƙofar gida ya kashe babur, idonsa ya yi ja.

"Hasken raina, na yafe miki alkawari. Ba zan zama ajalinki ba."

"Ka yi shiru, don Allah!"

A tsakar gida, da jin labarin, Inna Larai, wadda ta raine ta, ta tafa hannu.

"Wata shida?! An kawo lefe, an raba goro har garin Sule Tankarkar! Me za mu ce wa mutane? Ke da shi ba jirgi ɗaya ya kwaso ku ba?"

"Inna, ba iri ɗaya..."

"Shekara ashirin da huɗu ina rufa miki asiri. Yau ki ɗaga biki, gobe gari ya tambayi dalili!"

Baffa, mahaifinta, na kan tabarma, carbinsa ya tsaya cak.

"Uwata," ya ce a hankali, "in aka ɗaga, bakin mutane. In aka ɗaura, lafiyarki. In aka fasa, zuciyarki. Ban ga ƙofa ba."

Khairiyya ta dubi akwatunan lefen, ta dubi kwalbar maganin da ta raba biyu da sunan so. Ta share hawaye, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ɗaga murya yadda Dalhatu da ke ƙofar gida zai ji.

"Baffa, a ɗaga auren zuwa bayan girbi. Duk wanda ya tambaya, a ce amarya ce ta ƙi, ni zan ɗauki zagin. Dalhatu kuwa, alkawarinka na nan a hannuna, ban mayar ba. Ka sha maganinka, ni ma zan sha nawa... ina jiranka!"