Famfon da Hure Ta Ɗaura

A bakin famfon ƙofar gidansu Hure ta fara ganin Mati. Ya taso daga lambunsa na gefen kogin Watari da kwandon karas a bayan keke, ya tsaya wankewa kafin ya wuce kasuwar Ɗambatta. Ita kuma ta fito da bokiti. Ya ce ta fara ɗiba, ta ce ai shi ya riga ta zuwa, suka yi ta ja-in-ja har bokitin ya cika yana zuba babu wanda ya lura.

Daga ranar Hure ta zama mai son ɗiban ruwa, ita da a da sai Inna ta yi da gaske take tashi.

Mahaifinta Malam Iliyasu bai yarda ba. Shekarun nan ne da tsadar fetur ta kwantar da injinan ban ruwa, har da nasa. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai lambun da bai san ko baɗi zai iya shuka ba, ya hana zance. Sai dai famfon sadaka ce ya jawo waje daga tankin gida don ladan ya isa ga mahaifiyarsa marigayiya, kuma ba a korar mutum daga ruwan sadaka. Don haka Mati ya ci gaba da wanke karas, karas ɗin da duk Ɗambatta babu mai tsabtarsa.

Ana nan sai kan famfon ya tsage. Mai walda ya ce sai an zuba wa janaretonsa fetur kafin ma ya taso. Malam Iliyasu ya je gindin tanki ya rufe ruwan waje. Gidan da ake tuwo sau ɗaya a rana, wa yake ta walda?

Famfo ɗaya ya rage a layin, na ƙofar gidan su Sa'adiya. Sa'adiyar nan kuwa akwai dariya, ga fararen haƙora, kuma ta san tana da su. Hure ta leƙa ta soro ta hango keken Mati a jingine, Sa'adiya ta riƙe masa kwando tana wannan dariya tata. Ta ɗauko waya ta kira shi.

"Yaya Mati, ashe ruwan can ya fi daɗi. Na ga har riƙe maka kwando ake yi. Allah ya sa albarka."

"Hurena, karas nake wankewa. In na tsaya a ƙofarku babu ruwa, me zan ce wa Baba?"

"Ka ce masa ka koma gidan su Sa'adiya."

Ta kashe wayar ta sha kukanta. Da ta gama sai ta ga gaskiyarsa, abin da ya ƙara ba ta haushi. Muddin famfon nan a bushe yake, kullum safiya ta Sa'adiya ce.

Ranar kasuwa ta kama kazarta guda ta ba Gwaggo Barira, yayar babanta mai kai daddawa Ɗambatta, ta ce ta sayar ta sayo mata kan famfo. Gwaggo ta dawo da sabon kan famfo da ɗan farin tef.

"Mai shagon ya ce wannan ba ruwansa da walda, 'yar nan. Ki kwance tsohon, ki naɗa tef a bakin bututu, ki murɗa sabo. Amma ke da aikin maza?"

"Gwaggo, mazan sun tafi wata ƙofar."

Washegari Malam Iliyasu na tafiya gona ta ɗauko sufana daga jikin injinsa da ya kwanta. Tsohon kan ya yi tsatsa. Ta danna da ƙarfi, sai ƙasar katanga ta fara zubowa.

"Dakata, Hure," in ji Mati daga bayanta. "Bututun kike juyawa gaba ɗaya, zai karye a cikin katanga."

"Ina ruwanka? Ga famfonku can."

Ya zaro filaya daga jakar kekensa ya damƙe bututun.

"Ni zan riƙe, ke ki murɗa."

Duk haushin Sa'adiya ta sauke a kan sufanar, tsohon kan ya saki. Ta kankare tsatsa, ta naɗa tef, amma tana fara murɗa sabon sai tef ɗin ya warware.

"Ta inda za ki murɗa, ta nan za ki naɗa, Hurena."

"Sa'adiya ce ta koya maka?"

"Tiyon lambu ne ya koya mini. Wallahi ko kalar mayafinta ban sani ba."

"Shuɗi ne," ta ce tana hararsa.

Ta sake naɗawa, ta ɗaure da hannu, ta ɗan ƙara da sufana. Ta shiga ta buɗe ruwan tanki, tana fitowa ta tarar da babanta tsaye da fartanya a kafaɗa.

Malam Iliyasu ya murɗa famfon, ruwa ya zubo. Ya rufe, ko ɗigo babu.

"Wa ya kira mai walda?"

Mati ya durƙusa. Ga dama ta samu da zai iya cewa aikinsa ne.

"Babu wanda aka kira, Baba. Hure ce ta ɗaura. Ni bututu kawai na riƙe mata."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannun 'yarsa da sufana ta ƙuje.

"Tun da na rufe ruwan nan nake jin kunyar mahaifiyata," ya ce a hankali. Ya dubi Mati. "Kai kuma da ka ce kai ne, da na yarda. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Sa'adiya na cikin masu rakiyar amarya, kuma ta ƙarƙashin lulluɓi Hure ba ta daina bin ta da ido ba.

"Na ga ta gaishe ka," ta raɗa wa ango.

"Amsawa kawai na yi, amaryata."

"To, daga yau ni zan dinga amsa maka."

Gwaggo Barira ta ji su, ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannun Hure ta sa a na Mati.

"Ga ta nan da kishinta, ka riƙe amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sassauta mana wannan zamani, ya sa mu ga 'ya'yanku."

Duk ɗakin aka amsa da amin, muryar Hure ta fi ta kowa fitowa.