Tankar Baba da Cokulan Roba

A unguwarmu ta Rocklands, cikin garin Bloemfontein, akwai wata yarinya mai suna Puleng. Shekarunta goma sha ɗaya. Daga ita sai mahaifiyarta a gida, domin mahaifinta, Ntate Mohau, ya rasu bara bayan gajeriyar rashin lafiya. A nan, "Ntate" kalmar girmama namiji ce, kamar Malam.

Ntate Mohau makanike ne a barikin soja. Tankokin yaƙi yake gyarawa. Idan ya dawo gida kuma, sai ya zauna a tebur yana haɗa ƙananan tankoki na roba, waɗanda mutum zai ɗora a tafin hannu. Yakan yi musu fenti da buroshi siriri kamar tsinke.

Mama takan ce, "Da safe tanka, da yamma tanka. Ni dai tanka na aura." Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa.

Yana cikin ƙungiyar masu haɗa irin waɗannan tankoki. A ƙungiyar, kowa ya san shi da abu ɗaya: ba ya kuskuren launi. Yadda babbar tanka take, haka ƙaramarsa za ta fito.

Tankar da ya gama daf da rasuwarsa tana cikin kabad na gilashi a falo. Launinta ruwan ƙasa ne, kamar busasshiyar gona. Ƙafafunta duk ƙura, jikinta duk ƙarce. A kusa da ita akwai wani gwangwani cike da cokulan roba masu fenti. Puleng ba ta san amfaninsu ba.

Wata ranar Litinin, Oom Dawie, wato Kawu Dawie, ya zo gidan. Tsoho ne mai farin gashin baki, shi ne shugaban ƙungiyar, kuma shekara ashirin suka yi aiki tare da Ntate Mohau. Mama ta kawo masa shayi da magwinya, wato fanke, masu zafi.

Ya ce, "Saura mako biyu mu yi baje kolinmu na shekara. Mun ware tebur guda don tunawa da Mohau. Tankarsa ta ƙarshe muke so mu ɗora a kai."

Mama ta share ido da bakin zanenta. Ta ce, "Da zai gani, da ya ji daɗi."

Oom Dawie ya juya wurin Puleng. "Ke za ki ɗauko ta da hannunki, ƙaramar soja."

Puleng ta ji kanta ya yi girma. Amma da ta dubi tankar, sai ranta ya ɓaci. Yaya za a kai kayan Baba gaban jama'a da datti haka? Sai a ce ba a kula da shi ba tun da ya tafi.

Ranar Laraba ta dawo daga makaranta, Mama ba ta dawo daga aiki ba. Ta buɗe kabad. Ta ɗauko tsohon buroshin goge baki da sabulu, ta wanke tankar tas. Ƙurar ta fita. Amma lambar da ke gefenta ma ta ɓare, launin kuma ya yi dabbare-dabbare.

Sai ta ce a ranta, "Ai da sauƙi. Fenti zan yi mata." Ta buɗe akwatin Baba, ta zaɓi kore mai sheƙi. Ba tankokin da take gani a talabijin kore ba ne? Ta shafa, ta ƙara shafawa, har tankar ta koma kamar ɗanyen ganye.

Da Mama ta shigo, Puleng ta tare ta da murna. "Mama, rufe idonki! To, buɗe!"

Mama ta buɗe ido. Jakar hannunta ta faɗi ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Zama kawai ta yi a kujera.

"Puleng, wa kika tambaya?"

"Ba kowa, Mama. Datti ne na wanke."

"Ba datti ba ne, 'yata. Ƙurar nan da gangan babanki ya sa ta. Wata uku yana aikinta. Ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa."

Puleng ta dubi tankar, ta dubi koren da ya ɓata mata yatsu. Sai ta fashe da kuka.

"Mu ce faɗuwa ta yi," in ji ta cikin kuka. "Mu ce ta ɓata."

Mama ta ce, "A gidan nan ba ma haka. Gobe za ki kai wa Oom Dawie da kanki, ki gaya masa da bakinki."

Washegari bayan makaranta, Puleng ta sa tankar a kwalin takalmi. Mama ta ce ta tafi da gwangwanin cokulan da akwatin fenti. Tafiyar minti goma ce, amma ta yi mata kamar ta yini guda.

Oom Dawie yana rumfar aikinsa a bayan gida. Ya buɗe kwalin. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kai! Wannan tanka ce ko kwaɗo?"

Puleng ta sunkuyar da kai. "Ni ce na yi, Oom. Na ɗauka datti ne."

Tsohon ya ajiye kwalin a kan tebur. Can ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba. Masu tara irin waɗannan kaya, abu biyu suke dubawa: launi ya zama daidai da na ainihi, kuma ya zama hannun mai aikin ne. Wani mutum daga Pretoria ya daɗe yana roƙon babanki ya sayar masa da ita. Yanzu ko kallonta ba zai yi ba."

"Ke nan teburin Baba zai zauna ba komai?"

"Sai dai in an gyara."

"To, ka gyara mana, Oom. Don Allah."

Ya ɗaga hannayensa biyu. Rawa suke yi. "Kin ga waɗannan? Ko shayi sai na zubar da rabi. Wanda ya ɓata shi zai gyara. Ni baki ne nawa, hannu naki."

Ya juya tankar ya dubi ƙasanta. Sai ya yi murmushi. "Allah ya taimake ki, ke malalaciyar mai fenti ce. Ba ki shafa ƙasanta ba. Ga launin babanki nan."

Kwana biyu Puleng tana goge koren da auduga da ruwan cire fenti, a hankali, lungu-lungu. Fentin Baba na sama ya tafi tare da koren. Wannan ya sa ta kuka sau biyu. Amma ba ta bari ko ɗigo ya taɓa ƙasan tankar ba.

Ranar Asabar da safe, Oom Dawie ya zazzage gwangwanin a kan tebur. Cokula talatin da ɗaya, duk ruwan ƙasa.

"Babanki ba ya sa fenti a tanka sai ya gwada a cokali. A bayan kowanne ya manna takarda, ya rubuta yadda ya haɗa shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne namu. Nemo shi."

"Oom, ai duk iri ɗaya ne!"

"Haka jaki ma yake cewa. Duba dai."

Ta ɗauki ɗaya, ta kara da ƙasan tankar. "Wannan ne."

"A ƙarƙashin ƙwan lantarki? Wutar nan maƙaryaciya ce. Fita waje."

Ta fita hasken rana. Sai ta ga wanda ta zaɓa ya yi ja da yawa. Ta zauna a kan dakali, ta jera cokulan. Wannan ya cika duhu. Wancan ya yi rawaya. Wani kamar shayi da madara. Ta yi ta cirewa har saura biyu. Ta kalle su, ta kau da kai, ta sake kallo.

"Wannan, Oom."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Ɗayan ya ɗan fi shi toka-toka."

"To, juya shi ki karanta mana."

Ta juya. Rubutun Baba ne, ƙanana-ƙanana. Ɗigo biyar na ruwan ƙasa, biyu na rawaya, ɗaya na fari. A ƙasa kuma ya ƙara wani layi: "Wannan ne daidai. Puleng ce ta zaɓa. Idonta ya fi nawa."

Sai ta tuna. Wata Lahadi Baba ya kira ta daga wasa, ya nuna mata wani guntun ƙarfe mai fenti da cokula uku, ya ce wanne ya yi kama. Ta nuna ɗaya, ta koma wasanta da gudu. Ashe ya rubuta.

Oom Dawie ya fyace hanci da ƙarfi. Ya ce, "Ƙura ce ta shige mini ido. To, me kike jira? Haɗa fenti."

Duk wannan makon, daga makaranta sai rumfar Oom Dawie. Ta haɗa fenti sau huɗu, tana gwadawa a sabon cokali, kafin ya yi daidai da cokalin Baba. Ta koyi shafa shi siriri, ta jira ya bushe, ta sake shafawa. Ta zana ƙarce da bakin buroshi a wuraren da takalman sojoji ke takawa. Ta manna sabuwar lamba. A cikin akwatin Baba suka sami kwalba cike da ƙasar filin atisaye, an tace ta lukwi, ga mataci a gefe.

Da Mama ta zo dubawa ta gan shi, sai ta ce, "Ashe nan matacin shayina ya shige! Shekara biyu ina zargin maƙwabta." Suka yi dariya su duka uku. Tun rasuwar Baba, Puleng ba ta ji Mama ta yi dariya haka ba.

Ranar Juma'a tankar ta kammala. Oom Dawie ya miƙa wa Puleng katin da za a ajiye a gabanta, ya ce ta rubuta sunan mai aikin.

Puleng ta riƙe biro. Ta ce a hankali, "Oom, in na rubuta sunan Baba kaɗai, ba wanda zai gane, ko?"

"Wataƙila ba wanda zai gane."

"Kuma darajarta za ta dawo?"

"A idon wanda bai sani ba, za ta dawo." Ya ci gaba da wanke buroshi.

Puleng ta daɗe tana kallon katin. Sannan ta rubuta.

Ranar baje koli, zauren ya cika. Tebura sun jeru da tankoki, kore da toka da ruwan yashi. Puleng ta ɗauko tankar da hannu biyu, ta ɗora a teburin Baba. Ta kwantar da cokalin a gefenta, ta jingina katin.

Mutane suka taru. Wani dogon mutum mai jaka ya sunkuya ya karanta da ƙarfi: "Ntate Mohau ne ya haɗa ta. 'Yarsa Puleng ta ɓata fentinsa bisa kuskure, ta sake yi da launin da ya bari."

Ya miƙe. "Ni ne na zo daga Pretoria. Gaskiya na so tankar nan. Amma ni hannun Mohau nake tarawa, ba zan saya ba."

Mama ta ce, "Da ma ba ta sayarwa ba ce, Ntate."

Mutumin ya ciro wani guntun ƙarfe mai fenti daga jakarsa. "Wannan daga jikin babbar tanka ya fito. Ki ba ni izini in gwada?" Puleng ta gyaɗa kai. Ya ɗauki tankar zuwa bakin taga, ya kara ƙarfen a jikinta.

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Daidai ne. Ta ɗan fi shi haske kaɗan, kuma haka ake so a ƙaramar tanka. Yarinya, da kin yi shiru da kin ruɗe ni. Na gode da ba ki yi ba."

Oom Dawie ya buga tebur. "Ku ji da kyau! 'Yar Mohau ce wannan!"

Aka yi ta tafi. Tsofaffin abokan aikin Baba suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ta hannu, kamar wata babba. Mama tana tsaye a bayanta, hannunta a kafaɗarta, tana hawaye tana murmushi.

A hanyar gida, Mama ta ce, "Me kika koya, 'yata?"

Puleng ta ce, "Kada in taɓa abin da ban sani ba sai na tambaya. In kuma na yi kuskure, in faɗi gaskiya, in gyara da hannuna."

"Shi ke nan. Babanki ma da haka ya fara."

Da suka isa, Puleng ta mayar da tankar cikin kabad. Ta ɗauko cokalin da ta yi gwajinta na ƙarshe a kai, ta manna masa takarda, ta rubuta sunanta. Sannan ta sa shi a gwangwani tare da na Baba. Yanzu cokulan sun zama talatin da biyu.