Ba Mai Taɓa Maikano

A shekarun da gyaɗa ke mai da talaka attajiri, an yi wani ɗan awo a wani ƙauye bayan Dangora, sunansa Maikano. Ganin lorin wasu na wucewa ya hana zuciyarsa sakat, har ta kai shi wurin wani boka a duwatsun Doguwa.

Cikin kogo ya same shi, gaban wata tukunya da aka binne zuwa wuya, bakinta ya yi baƙi da busasshen jini, ƙudaje sun rufe ta.

"Zan ba ta rago, Baba," in ji Maikano.

Boka ya bushe da dariya. "Abin da take sha ba ya cin ciyawa, yaro. Kuma duk wanda ka ba ta, ka haɗiye sunansa. Ran da ka furta, za ta ɗauki madadinsa a gidanka."

Maikano ya ce ya ji, ya yarda.

Arziki ya zo kamar ambaliya: soro, lori, buhuna har rufi. Sai 'yan ci-rani suka fara ɓata. Sannan Hamman, wani makiyayi, ya fita bai dawo ba. Matarsa Dije ta kife ƙwaryar nononta a ƙofar dagaci, ta ƙi tashi.

Da abin ya ishi dagaci, ya sa aka yi shela: duk wanda ya nuna inda mutanen suke, ba mai taɓa shi, ba kuma za a kai shi Kano ba.

"Ranka ya daɗe, jinin nan ba naka ba ne," in ji liman. "Yaya za ka yafe shi?"

"Malam, ni dai in ga ƙashin mijina a yi masa salla," in ji Dije.

Ana haka Maikano ya ji an kama bokan. Tsoron igiyar rataya ya mantar da shi tukunya. Da rana tsaka ya durƙusa a zauren dagaci, ya lissafo sunaye kamar mai kiran buhuna, ya nuna tsohuwar rijiya bayan rumbunsa inda ya zuba su. Da ya gama har ruwa ya nema, aka ba shi! Ya kaɗe rigarsa ya wuce ta gaban Dije. Tir!

Washegari ɗansa Labaran ya faɗi a bakin sikeli, bai shura ba. 'Yarsa Hasana ta bi shi, sannan jaririn goye. Matarsa Safara'u ta yaga zane ta shiga kasuwa tana kiran Hamman.

Maikano ya rarrafo gaban dagaci yana kuka. "Ku kai ni Kano a rataye ni, ko tukunyar ta bar mini sauran 'ya'yana!"

Dagaci ya kau da kai. "Mun yi alkawari. Ba mai taɓa ka."

Haka ya zauna cikin kangon soronsa yana binne nasa, har ya rasa mai kama masa makara.

Kai mai hangen dukiyar dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Mutane na iya yafe abin da ba nasu ba, amma jini ba ya jin shela.