Liƙi a Cali

"Idan mun sauka Birmingham zan mayar maka da zobenka, Dokta."

Asama'u ta faɗa ba tare da ta dube shi ba. Suna tsaye a ƙofar wani babban zaure a Cali, birnin ƙasar Kolombiya. Jami'ar da suke aiki ce ta turo su taron masu binciken sauro, na ƙarshe kafin a yanke wa sashensu funding, wato kuɗin bincike.

Halliru ya gyara gilashinsa. "Yaya Falalu ne ya sake kira?"

"Maƙwabciyarka Hajo ta je har gidansa a Small Heath ta gaya masa takalman matarka marigayiya Raki suna nan a bakin ƙofar flat ɗinka. Ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mai auren kabari ba."

"Yayanki ya iya magana. Ya yi asara da bai rubuta littafi ba."

"Ka gani ko? Tun da na san ka ban taɓa ganin abin da ya burge ka ba. Ni ma haƙuri kawai kake yi da ni..."

Kafin ya amsa, kiɗa ya tashi daga ciki.

Lahadi ce da la'asar, lokacin da tsofaffin garin ke taruwa rawar salsa. Suka leƙa, sai suka kasa fita. Ƙaho na kuka, ganguna na amsa masa, fankoki na juya zafi kawai. Masu furfura ne cike da wurin, irin waɗanda a Ingila likita zai rubuta wa sanda. Kafaɗunsu a tsaye cak, ƙafafunsu kuwa ido ba ya iya bin su.

A tsakiya wata tsohuwa ce cikin jar riga, wani tsoho mai farin takalmi yana juya ta kamar ba ta da nauyi.

"Ikon Allah," in ji Halliru a hankali.

Asama'u ta waiwaya, ba ta gan shi ba. Yana tsakiyar fili, ya zaro kuɗin ƙasar daga aljihu yana manna wa tsohuwar a goshi, ɗaya bayan ɗaya, kamar a gidan biki a Zariya.

Tsohon ya damƙe masa hannu, ido jajur. Masu rawa suka tsaya.

Asama'u ta kutsa da gudu. "Don Allah, ba raini ba ne!" ta ce da Turanci. "A garinmu haka ake yi wa wanda rawarsa ta taɓa zuciya."

Tsohuwar, Angelina, ta taɓa aikin sharar ofisoshi a Landan, don haka ta ji. Ta fassara wa tsohon, ya saki hannun, zauren ya ɗauki dariya.

"Wannan mai kishin, mijina ne na biyu," ta ce tana haki. "Na farko ne ya koya mini rawar, a nan wurin. Ya mutu. Na zauna ina kuka har ƙafafuna suka kumbura. Yanzu da wannan nake taka abin da wancan ya koya mini. Babu wanda aka cuta."

Kiɗa ya dawo. Halliru ya daɗe yana kallon takardar kuɗi ɗaya da ta rage a hannunsa.

"Ma'u... rabona da liƙi tun ranar bikina da Raki."

Ya ɗora mata ita a goshi. Takardar ta zame, ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ya sake ɗorawa, ta sake faɗuwa.

"Ko kuɗin ma sun ƙi ni," in ji ta.

"Ba ƙin ki suka yi ba, masoyiyata. Ba sa kama busasshen goshi. Sai kin yi zufa."

Ta harare shi. Sannan ta ɗaure mayafinta da kyau, ta fara motsa kafaɗa irin na matan gidansu. Angelina ta kama hannunta, tsofaffi suka kewaye su suna tafi. Ba salsa ba ce, kuma babu wanda ya damu.

Da ya ɗora karo na uku, takardar ta zauna daram.

"Takalman nan na Raki," ya ce, "idan mun koma zan kwashe su."

Asama'u ta dafe takardar da yatsa ɗaya, zoben yana ƙyalli.

"Bar su, Dokta. Ka dai matsar da su kaɗan, nawa su samu wuri."